Ranar da Na Ce wa Dogo "Ba Laifi"

A bas ɗin da nake shiga kowace safiya daga International City zuwa Deira a nan Dubai, kan kowa a sunkuye yake bisa waya. Ɗan Pakistan yana kallon nasa fim, 'yar Filifin tana kallon nata, kowa ya toshe kunnensa, sai ka ga mutum yana ta dariya shi kaɗai, na kusa da shi bai san abin da ya ba shi dariya ba. Ni da na tashi a zangon Kumasi, har yau abin bai daina ba ni mamaki ba. A zamaninmu kallo abin taro ne. Silima ɗaya ce kusa da mu, bencinta na katako, idan aka sa fim ɗin rana ranar Asabar sai ka ji ihun mutane tun daga bakin titi. Wanda ya samu shiga shi ne zai fito ya ba sauran labari. Mu biyu ne gwanayen ba da labarin nan a layinmu, ni da abokina da muke kira Dogo. Ba da baki kawai muke bayarwa ba. Ni ne sarkin 'yan fashi, ni ne dokinsa, ni ne matar da ke kuka. Dogo kuwa yawanci shi ne wanda ake harbewa ya faɗi.

Mahaifina bafataken goro ne, a rumfarsa na yi wayo. Aikina tun da sassafe shi ne in yayyafa wa goro ruwa, in tsince mai sankara, in shimfiɗa ganye a kwando, a jera, a ɗaure huhu. Har yanzu idan na rufe ido ina jin ƙarar goro yana zuba a kwando, da ruwan sama a kan kwanon rumfa har ba ka jin maganar na kusa da kai, da dakan sakwarar makwabtanmu Asante, da muryar mai koko tana tafe tana kira. Dogo ba shi da aikin yi a rumfar, zuwa yake ya zauna a kan buhu, ya naɗe dogayen ƙafafunsa yana kallona ina kwaikwayon duk wanda ya wuce. Ina yin tafiyar ladan, ina yin muryar mahauci idan ana taya masa nama da arha, ina yin ɗan sandan da yake jin Hausa amma yake yi kamar ba ya ji. Masu ɗaurin goro su yi ta dariya har igiya ta suɓuce musu. Kakata takan leƙo ta ce, "Wannan yaro, mutum nawa ne a cikin cikinka?" Ban taɓa jin ta tambayi Dogo haka ba.

A makarantar bokonmu aka kawo wani Ba'amurke mai jan gemu yana koya mana Turanci, muna ce masa Masta. Shi ya tara mu bayan la'asar, muka ture tebura muka fara wasan kwaikwayo na gaske, mai rubutu. Labarin da muka shirya na wani tsoho ne da ɗansa ya tafi neman aiki bakin teku bai ƙara aiko da ko saƙo ba, tsohon kullum sai ya zo tashar mota ya zauna yana duban masu sauka. Ni ne tsohon. Dogo shi ne karen mota, maganarsa ba ta wuce jimla uku ba, kuma ko su sai ya yi tuntuɓe a kai. Wata rana Masta ya ce mana yayarsa za ta zo ziyara, tana da makarantar koyar da wasan dandamali a ƙasarsu, kuma za ta kalli namu ranar Asabar. Da aka watse ya riƙe ni a baya, ya ce, "Ka yi mata yadda kake yi mini. Shi ke nan abin da nake so." Ban san abin da ke ransa ba sosai, amma na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ranar Litinin ɗin makon, ina tsugune ina tsintar goro, mahaifina ya ce, "Mota za ta tashi Yamai ranar Alhamis. Yayanka zazzaɓi ya kwantar da shi, kai za ka bi kayan." Ko ɗago kai bai yi ba. Yaran yanzu sai su ce me ya hana ka yi masa bayani? Jikana na can Kumasi idan aka ce masa ya je aike yakan ce yana zuwa, sai ya gama abin da yake yi. Mu ba mu san wannan ba. Na buɗe baki, na ji abin da zan faɗa a kunnena, wai ba zan raka dukiyar gida ba don zan shafa alli a gemu in yi tari a gaban Baturiya. Sai na ce, "To, Baba." Shekaru da yawa na ɗora masa laifin, amma gaskiya ita ce bai hana ni komai ba, domin ban tambaye shi komai ba.

Ni da kaina na je na ce wa Masta a ba Dogo tsohon, saboda shi kaɗai ne ya haddace maganganuna don yawan zama yana kallona. Kwana uku na yi ina koya masa a bayan rumfa. Na ce, "Dogo, ba haka ake tari ba, wannan tarin mai mura ne. Tsoho ba ya so a ji tarinsa. Danne shi." Na ce, "Kada ka duƙa da yawa, shi a ganinsa a miƙe yake." Yana yi yana gumi, yana cewa, "Ɗan Goro, wallahi zan kunyata ka." Haka yake kirana. Ni kuwa ina ta ba shi ƙarfin gwiwa, don a zuciyata na tabbata ba zai kai ni ba. Ranar Alhamis na hau saman huhunan goro muka kama hanyar arewa. Mako uku na yi. Da na dawo, tun daga bakin layi mai tuwon unguwarmu ta tare ni: "Kai, ka yi asarar kallo! Ashe haka Dogo yake? Har Baturiyar sai da ta share hawaye." Ban ci tuwon ba ran nan. Kafin shekara ta zagayo an yi masa takardun tafiya Amurka makarantar Baturiyar, muka raka shi tasha da akwatin ƙarfe, ya rungume ni yana kuka. Ni ban yi kuka ba.

Da farko wasiƙunsa suna zuwa, shuɗiyar takarda mai laushi, ina karantawa a bayan rumfa. Wasiƙun farko sun yi mini daɗi ƙwarai, kuma na san dalili: wahala ce a cikinsu. Yana wanke kwanuka a gidan abinci, yana share dandamali bayan an watse, sanyi ya fasa masa leɓe. Wasan farko da aka sa shi, mashi aka ba shi ya riƙe a bakin ƙofa har aka gama, bai ce uffan ba. Yana kwana yana tashi yana murɗa harshensa don ya yi irin nasu, har suka guntule masa suna ya amsa. Daga nan aka fara ganinsa a fim, direban tasi, mai gadi, ɓarawon da ake kashewa tun mutane ba su gama zama ba. Sai kuma wasiƙun suka canza. An ba shi ya fito a matsayin wani tela mai 'ya'ya mata a wani wasan dandamali a New York, wasan ya daɗe ana yi, ya aiko mini da yankin jarida mai hotonsa. Ya yi aure, ya zama ɗan ƙasa. Daga baya ya yi shekara da shekaru yana fitowa alƙali a wani shiri na talabijin da ake nunawa har a ƙasarmu. Ni ne na fara jinkirin amsa wasiƙa, har na daina. Shi ya ci gaba da rubutowa kusan shekara biyu kafin ya gaji.

Ni kuwa goro ya mutu a hannuna bayan rasuwar mahaifina. Na yi Legas, na yi Jidda, daga ƙarshe na faɗo Dubai, na zama mai kula da siton kayan yaji na wani Balarabe a Al Ras. Mutumin kirki ne, shi yake sabunta mini biza duk da furfurata. Iyalina suna Kumasi, ina ganinsu shekara biyu sau ɗaya. Ba na ƙorafi, na aurar da 'ya'yana, na yi gini. Amma a duk tsawon shekarun nan babu fim ɗin Dogo da ya fito ban nema na kalla ba, tun ana kaset har aka koma faifai har aka zo waya. Ba don jin daɗi nake kallo ba. Kuskure nake nema. In ga inda ya ɗaga murya ba bisa ƙa'ida ba, in ga inda ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, in ce a raina, ni da ba haka zan yi ba. Wani lokaci in ga ya danne tari, in ce wannan nawa ne. Idan ban samu kuskure ba sai in ce ai kyamara ce take rufa masa asiri. Akwai wani ɗan Maraɗi da muke filat ɗaya, yana sayen kayan wuta a babbar kasuwar 'yan Sin yana aikawa gida, ya taɓa leƙa wayata na nuna masa na ce abokina ne. Ya ce da Faransancinsa, "C'est pas vrai, Baba! Ba zai yiwu ba! Wannan? To me kake yi a nan?" Wasa ya yi, amma na kwana biyu ban yi masa magana ba. Abin da ya riƙe ni duk shekarun nan magana ɗaya ce: na fi shi. Hanya ce kawai ta faɗa masa.

Bara waccan, ina ɗinke bakin buhun citta, wayata ta yi ƙara da wata baƙuwar lamba. Na ji an ce, "Ɗan Goro, kana nan da rai?" Sai da na zauna a kan buhun. Hausarsa tana nan irin ta dā, har da kalmomin da mu kanmu mun daina faɗa. Ya ce a wurin ƙanwata ya samu lambata, ya zo Dubai, suna ɗaukar fim a wani gari da ake kira Hatta mako guda, in zo don Allah. Ya tambaye ni me nake yi, na ce ina da sito a Al Ras. Ban ce nawa ne ba, ban kuma ce ba nawa ba ne. Ya ce zai aiko mota, na ce a'a, ina da hanya. Ranar hutuna na goge babbar rigata ta Sallah, na shafa turare, na kama bas tun da safe.

Hatta ba kamar Dubai ba ce. Duwatsu ne jajaye a tsaitsaye, da gonakin dabino, da 'yan magudanan ruwa da ke bi ta tsakanin itatuwa. A wata gona suka kafa kayansu, manyan motoci da wayoyi da fitilu da rana tsaka. Wata mata mai takarda a hannu ta kai ni gindin wata rumfa, sai ga Dogo a kujera. Tsawon yana nan, amma ya rame, gashinsa fari fat, da ya miƙe sai da ya dafa sanda. Muka rungumi juna, na ji ƙasusuwan bayansa. Muka yi ta gaisuwa, yana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ya rasu, ta rasu, yana cewa Allah ya jiƙansu. Na lura hannunsa na hagu yana rawa. Can matar ta dawo ta saka masa wani ɗan abu kamar ƙwayar wake a kunne. Ya ga ina kallo, ya yi murmushi ya rage murya: "Magana ba ta zama a kaina yanzu. Ita take karanto mini, ni in maimaita. Kada ka gaya wa mutanen zango." Zan faɗi abin da na ji, tunda babu amfanin ɓoyewa a shekaruna: daɗi na ji. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Na ce a raina, ashe ga inda abin ya ƙare.

Aka ba ni kujera a bayan masu kyamara. Abin da za a ɗauka ɗan kaɗan ne. A fim ɗin Dogo tsohon ma'aikacin gona ne da ya shekara talatin a ƙasar mutane, yana tsugune yana yashe magudanar ruwa da hannu, sai wani ya zo ya ce masa an bugo waya daga gida, matarsa ta rasu. Na gyara zama. Na san yadda ni zan yi: in saki ihu, in dafe kai, in zube a cikin ruwan, kuma da a zango ne da an tafa mini. Aka ce a fara. Mutumin ya zo ya faɗi saƙonsa. Dogo bai ɗago ba. Ya ci gaba da kwashe ganyen da ya toshe ruwa, ya kwashe ya ajiye a gefe, ya sake kwashewa, har ruwan ya wuce. Sai ya fara wanke hannu. Ya wanke, ya wanke, hannun ya fita tas amma bai daina ba. Sannan ya tambaya, a hankali, kamar mai tambayar ƙarfe nawa, ko akwai wani a kusa da ita lokacin. Shi ke nan. Babu wanda ya motsa a gonar, ba ka jin komai sai gudun ruwan. Ni da na bar matata a Kumasi, ni da kullum idan waya ta yi ƙara da lambar gida sai gabana ya faɗi, ban san lokacin da hawaye ya jiƙa mini wuyan riga ba. Na duba, na duba, ban ga komai nawa a jikinsa ba. Abin da ya yi ban taɓa saninsa ba, balle in koya wa wani. Ko ni aka kai Amurka, ko an ba ni shekarun da aka ba shi, ban san ko zan gano shi ba. Maganar da na jingina da ita tun ina saurayi, a gonar nan ta faɗi.

Da aka tashi cin abinci ya ce a kawo mana namu a rumfarsa, ya sallami kowa. Shinkafa ce da kifi. Ya ture cokali ya sa hannu, ya ce ya yi kewar haka. Muka fara ci, sai ya ce, "To, Ɗan Goro, yaya ka gani?" Na yi kamar ban ji ba. Ya ce, "Da gaske nake. Waɗannan ko atishawa na yi sai su ce madalla. Matata ta rasu, Masta ya rasu, yayarsa ta daɗe da rasuwa. Kai kaɗai ka rage da zai gaya mini gaskiya." Yana kallona. Na riga na goge fuskata tun kafin ya iso. Maganar tana bakina, na ji nauyinta a kan harshena. Sai na ji kaina na ce, "Ba laifi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ba laifi," ya maimaita. "Ni ma haka na ji. Abin ya ragu, ko? Dama ina ta tunanin wannan ya zama na ƙarshe." Ya ɗan yi dariya. "Na gode. Na san kai ba za ka yi mini ƙarya ba." Ni kuwa na duƙufa ina cire ƙayar kifi kamar wani babban aiki. Da yamma ya rako ni har bakin gona da sandarsa, ya ce in gaida ma'aikatan sitona. A bas ɗin komawa na zauna kusa da taga, duwatsu suna wucewa, sau uku ina ciro waya ina mayarwa aljihu.

Shi ne kuwa ya zama na ƙarshe. Ban sani ba ko maganata ce, ko dama lokaci ya yi. Na fi so in yarda lokaci ne. Wata uku da suka wuce 'yarsa ta kira ni. Ta ce mantuwar ta yi nisa, Turanci ya zube masa kusan duka, yanzu Hausa kawai yake yi, kuma babu mai ji a gidan. Ta roƙe ni in riƙa kira ko sau ɗaya a mako. Don haka duk Juma'a da yamma, lokacin su hantsi ne, nakan fita matattakalar bene saboda hayaniyar filat, ta riƙe masa waya muna ganin juna. Wani lokaci ya gane ni, wani lokaci ya ɗauka yayana ne. A kira na biyu na ce, "Dogo, ka saurare ni. Abin da ka yi a Hatta, ƙarya na yi maka. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ka fi ni, ka fi ni nesa." Ya ƙura mini ido, ya yi murmushi irin na mai son ya kyautata wa baƙo. Ya ce, "Hatta? 'Yar wane gida ce?" Na sake faɗa a makon da ya biyo, ya ce in ƙara murya, akwai ruwan sama.

Juma'ar da ta wuce ya yi barci muna tsaka da hira, bakinsa a ɗan buɗe. Na yi masa addu'a, kuma Allah shaida har zuciyata na yi ta. 'Yar ta ce, "Uncle, bari in nuna maka ɗakinsa," ta juya wayar. Ga kyaututtuka a jere, ga wani babban hoto a bango: Dogo a tsakiyar dandamali ya buɗe hannuwa, a gabansa mutane cike da zaure, duk a tsaye suna tafi. Ta tsayar da wayar a kan hoton don in gani da kyau. Na ji ƙyashin nan ya taso mini daga ciki, da zafinsa, bai tsufa ba ko kaɗan, ni tsoho a zaune a kan matattakala da silifa.

Na ce, "'Yata, mayar da wayar kan fuskarsa."